Farin Tabo a Hannun Gwaggo

A shekarar da muka shiga darasin cututtukan fata a jami'a, malaminmu ya kafa mana doka guda, wato kada wanda ya kira sunan cuta kafin ya gama bayyana abin da idonsa ya gani. Za a tsayar da mu gaban majinyaci a ce mu yi bayani. Abin shafe yake da fata, ko ya taso? In an rufe ido an shafa, yatsa zai gane inda ya fara? Girmansa ya tsaya a ƙwayar dawa, ko ya wuce faɗin farce? In akwai ruwa a ciki, garau ne ko mugunya? Bakinsa a yanke yake, ko ya narke cikin sauran fata? Kowace amsa tana da kalmarta a Turancin likitoci. Shafaffen tabo ƙarami sunansa daban, babba sunansa daban. Wanda ya taso da tauri daban, wanda ya ɗuri ruwa daban, wanda ya kumbura da safe ya ɓace kafin azahar shi ma daban. Wanda ya haɗa biyu a kalma ɗaya, malamin ba ya faɗa, sai dai ya dube shi ya ce, "Sake dubawa."

Na riƙe wannan doka fiye da yadda sauran 'yan ajinmu suka riƙe ta, har suka riƙa tsokanata cewa in aka tambaye ni ko gari ya waye, zan ce bisa ga dukkan alamu. Ban ji haushi ba, domin akwai gaskiya a ciki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda zan mayar da wannan karatu cikin harshen mutanen da zan yi wa aiki. Da farko na zaci Hausa ce ba ta da kalmomi, tunda kusan duk abin da ya fito a fata ƙuraje muke ce masa. Daga baya na gane ba haka ba ne. Muna da maruru da makero, muna da ƙyasfi da kirci da ƙazuwa, muna da gyambo. Sai dai waɗannan sunayen cututtuka ne, ba sunayen siffa ba. Mu mukan fara da hukunci, su kuwa littattafan da bayani suke farawa. Wanda ya ce makero ya riga ya gama shari'a, alhali ni an hana ni yanke ta kafin in saurari shaidu.

Ban daɗe da gama karatun jinya ba, ina birni ina jiran a tura ni asibitin da zan fara aiki, sai matar wana ta kira ni daga ƙauyenmu da ke ƙasar Faskari. 'Yar Tafoki ce, cikinta na biyu ya tsufa a lokacin, kuma tsakanina da ita akwai wasan da ke tsakanin mace da ƙanwar mijinta.

"Malamar asibiti, sai yaushe za ki taho? Ko sai an yanka rago ki zo cin nama?"

"Matarmu, ai ke kika ƙi sauka. Kin riƙe mana ɗa kamar kayan aro."

Ta yi dariya, sannan muryarta ta yi ƙasa. Ta ce Gwaggo ce. Wani fari ya fito mata a hannuwa tun farkon damina, yana ta faɗi, yanzu har ya taɓa gefen bakinta. Na tambaye ta ko ya taso, ta ce a'a. Ko yana ruwa, ta ce a'a. Sai na yi tambayar da aka koya mini cewa ita ce mafi muhimmanci a kan duk tabon da ya fi sauran fata haske.

"Tana jin wurin?"

"An tambaye ta. Ta ce ba ta jin komi."

A littafi, tabo mai haske wanda ba ya jin taɓawa yana cikin manyan alamun kuturta. Mutanen ƙauyenmu ba su karanta littafin ba, amma sun san wannan alamar sarai, domin kowa ya taɓa jin labarin wanda ya ɗauki tukunya daga kan wuta bai san hannunsa ya ƙone ba. Na san kuturta tana da magani yanzu, tana warkewa, kuma ba da gaisawa ake ɗaukarta ba. Na kuma san cewa wannan sanin ba zai hana kowa janye ɗansa ba.

Gwaggo yayar Baba ce. Ta dawo gidanmu bayan rasuwar mijinta, kuma da mahaifiyarmu ta rasu ita ta ƙarasa rainonmu. Ba ungozoma ba ce, ba ta karɓar haihuwa. Aikinta yana farawa ne bayan an yanke cibiya. Duk jaririn da aka haifa a gidanmu da gidajen da ke maƙwabtaka da mu, ita ke yi masa wanka safe da yamma har a yi arba'in. Ita ta wanke ni, ita ta wanke wana, ita ta wanke 'yar farin matarsa bayan an dawo da ita daga wankan gida. Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya a raye ba, kuma ban taɓa jin ta yi zancen ba. Abin da na sani shi ne, in mace ta shiga watanta, Gwaggo kan fara tanadin sabulun salo da man kaɗanya tun ba a ce mata komai ba. Matar wana ta ce a wannan karon ba ta tanadi komai ba.

Na isa gida lokacin karyar masara, tsakar gidan cike da zangarniya an baza tana shan rana. Na tarar da Gwaggo zaune a ƙofar ɗakinta, hannuwanta duka biyu cikin mayafi. A gefenta akwai kwano da moɗa da buta waɗanda ban san su ba, sababbi, an ajiye su nesa da na kowa. Na nufe ta zan faɗa jikinta kamar yadda na saba.

"Tsaya daga nan, Uwata. Ina jin ki daga nan."

Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa ita da Baba ba sa kirana da wani suna sai wannan. Na durƙusa daga inda ta tsayar da ni na gaishe ta. Ta tambayi hanya, ta tambayi karatu, ta ce na rame. Ba ta fito da hannunta ba har muka gama.

Daga baya na fahimci babu wanda ya ce ta ware kwanonta. Ita ta aika aka sayo mata su a kasuwar 'Yankara. Sai dai kuma babu wanda ya ce ta mayar da su. A gidan kuma babu mai furta sunan ciwon da kowa ke tunani. Abin nan ake cewa. Abin nan na Gwaggo. Har mahaifiyar matar wana ta aiko daga Tafoki cewa in an sauka ita za ta zo ta yi wankan jariri, don a hutar da tsohuwa. Kowa ya gane ma'anar hutun.

Ban nemi ganin hannun a ranar ba, domin rana ta yi sanyi, kuma an gargaɗe mu kada mu yanke hukunci a kan launin fata sai da cikakken haske. Washegari da hantsi na shimfiɗa tabarma a bayan ɗakinta, inda babu mai wucewa, na roƙe ta. Da ƙyar ta zaro hannuwan daga cikin mayafi.

Ta yi ƙoƙarin rufe wurin da lalle, lallen kuwa ya ci amanarta. A kan baƙar fata ya yi duhu kamar kullum, a kan farar kuma ya yi ja zur, har ya fi fitar da iyakar tabon. Na bar inda lalle ya taɓa, na duba wuyan hannu da gefen baki da kan ƙafa, ina jera bayanin a zuciyata kamar malaminmu yana tsaye a kaina. Shafaffe ne, ko kaɗan bai taso ba. Ya wuce faɗin farce nesa ba kusa ba. Bakinsa a yanke yake, kamar an zana. Abin da ke hannun dama yana da ɗan'uwansa a hagu, kusan wuri ɗaya. Na kankara da farcena, babu garin da ya tashi, don haka ba ƙyasfi ba ne. Launin kuma ba koɗewa ba ce irin wadda aka nuna mana a jikin masu kuturta, wadda fata kan yi haske kaɗan ta bushe. Wannan fari ne tas kamar nonon da aka tatso yanzu, fatar kuma da laushinta.

Duk abin da idona ya gani yana nuna wani ciwo daban, mai sauƙi. Magana ɗaya ce ta ƙi zama a wurinta. Na sake tambaya da bakina.

"Gwaggo, kina jin wurin?"

"Na faɗa ma kowa, Uwata. Ba ni jin komi."

An koya mana kada mu dogara da amsar baki a wannan gaɓar, sai an gwada. Auduga ake bukata, ni kuwa ban zo da ita ba. Gwaggo ta ce in duba cikin ƙwaryar da ke ƙarƙashin gadonta, akwai kaɗar da ta tsinto a gonar Baba bara, tana cire mata gurya a hankali don ta cusa matashi. Na ɗebo kaɗan na murza ta ta yi tsini. Na fara taɓa ta a damtse idonta a buɗe, na ce duk inda ta ji abin nan ya sauka ta ɗora yatsa a kai. Sannan na ce ta rufe ido, na ja mayafinta na rufe mata fuska.

"Yau ga wasan 'yar ɓuya da tsufana," in ji ta daga cikin mayafin.

Na taɓa baƙar fata, ta nuna. Na taɓa wani wurin, ta nuna. Na ɗan dakata don kada ta gane lokacin, sannan na sauke tsinin kaɗar a tsakiyar farin da ke wuyan hannunta, a hankali yadda ko ƙuda ya fi shi nauyi. Yatsanta ya sauka daidai wurin. Na ce ko dace ne. Na koma ɗaya hannun, ta nuna. Na koma kan ƙafa, ta nuna. Da na kai gefen bakinta sai ta kauda kai tana dariya.

"Ke, bar yi mani cakulkuli!"

Na yaye mayafin. "Gwaggo, ba kin ce ba kya ji ba?"

"Ni? Cewa na yi ba ni jin komi. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, ba zogi. Taɓi kuwa mi zai hana in ji shi? Gawa ce ni?"

Na zauna da kaɗar a hannu ina dubanta. Da kalma ɗaya muke jin magana, mu ji ƙanshi, mu ji yunwa, mu ji Larabci, mu ji ciwo, mu ji an taɓa mu. Ban taɓa ganin wannan a matsayin matsala ba, domin a kullum zancen da ke kewaye da kalmar yakan nuna wanne ake nufi. A nan ne kawai bai nuna ba. Mai tambaya yana nufin ko fatar tana da rai, mai amsa tana nufin ba ta da abin kuka. Kowannensu ya yi Hausa daidai. Ta faɗi maganar ne don ta kwantar wa mutanen gida da hankali, su kuwa suka ji abin da suka fi tsoro. Da ta ga fuskokinsu sun canja, ba ta san daga amsarta ba ne, sai ta ɗauka sun ga wani abu a jikinta da ita ba ta gani ba. Watanni aka yi a haka.

Na yi mata wannan bayanin. Ta saurara, ba ta yi dariya ba a wannan karon.

"To ba shi ba ne ke nan?"

"Alamun da na gani ba nasa ba ne. Amma ni ba likita ba ce, Gwaggo. Ina so wanda ya fi ni ya gani."

"Alamu," in ji ta. Ta mayar da hannuwanta cikin mayafi.

Na ga abin da kalmar ta yi mata, amma ban janye ta ba. Ban taɓa ganin mai kuturta ba sai a ɗakin koyarwa, malami na gefe. In na ce a'a a ranar, a'a ɗin yarinya ce da ta gama makaranta jiya, kuma ba za ta ɗauki nauyin jaririn wani ba.

Muka tafi Ƙanƙara ni da ita a motar haya, da sassafe, don mu dawo da sauran rana, tunda hanyarmu ba ta son yamma. Likitan da muka samu dattijo ne, Hausarsa irin tamu. Ya duba duk inda na duba, ya lalubi jijiyar gwiwar hannunta da ta bayan kunne ya ji ko sun yi kauri, ya sa ta matse masa yatsu. Da ya zo kan tambayar, na kasa kunne in ji yadda zai yi ta.

"Hajiya, in na taɓa nan, kin san na taɓa?"

Bai yi amfani da kalmar ji ba ko sau ɗaya. Tun daga ranar haka nake tambaya.

Ya gwada ta da auduga shi ma, sannan ya ce ba kuturta ba ce. Ya ce a fata akwai wasu ƙananan halittu da ke yin launi, su ne suka daina aiki a waɗannan wuraren, fatar kuwa lafiyarta ƙalau. Ba a ɗauka, ko da cin abinci, ko da wanka, ko da kwana ɗaki ɗaya. Ya rubuta man shafawa, ya ce wani yakan ga launi ya ɗan dawo, wani ba ya gani, kuma ta riƙa kare wurin daga rana domin ba shi da garkuwa. Ta tambayi sunan ciwon, ya ce bitiligo.

"Biti mi? Likita, wannan ai sunan maganin feshi ne. Irin wanda ake zuba ma wake."

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Da ta fita, na tsaya na yi masa wata tambaya da Turanci, wadda na san amsarta amma ina so in ji daga bakinsa. Ya ce haka ne, ciwon yakan bi jini a wasu gidaje, ko da yake mafi yawan dangin mai shi ba sa samu har su mutu. Na ce to in faɗa wa mutanen gida? Ya ce ni na san gidanmu.

Da wannan na yi ta fama a mota, Gwaggo na gyangyaɗi a kafaɗata, karon farko da ta jingina da jikina tun zuwana. In na ce ba a ɗauka na yi shiru, na faɗi gaskiya, amma rabi. In bayan shekaru wani yaro a gidanmu ya wayi gari da fari a hannu, ba za a tuna da jini ba, za a tuna wadda ta yi masa wanka, kuma ita ce za ta fara tunawa. In kuma na ce yana bin jini, ina tsoron kada a ji rabin maganar kawai, a ce ai ga shi ita ma mai karatun ta ce yaro yana iya samu. Na riga na ga abin da kalma guda ta yi a gidan nan.

Bayan la'asar Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Wana ya zauna daga gefe. Matarsa ba ta zama inda surukinta yake, don haka tana cikin ɗakinta, labule a sake, amma kowa ya san kunnenta yana waje. Na faɗi abin da likita ya ce, na faɗi sunan.

"Wannan nasu ne," in ji Baba. "Da Hausa mi ake ce mashi?"

Na yi jinkiri, sai ya amsa da kansa, domin ya yi karatun littattafai.

"Albaras ke nan."

Na ga kafaɗun Gwaggo sun sauka. A littafin Baba kalmar tana iya zama daidai. A bakin mutanen garinmu kuwa albaras da kuturta tare suke tafiya, wanda ya ji ɗaya ya ji ɗayar. Na ce, "Baba, ina roƙon kada mu kira shi da wannan sunan, domin an riga an cakuɗa shi da wani. In an tambaya, a ce launi ne ya janye daga fata. Wurin shafe yake, ba ya ruwa, ba ya ɓawo, kuma in an taɓa ta san an taɓa."

"Wannan ai ba suna ba ne, Uwata. Labari ne."

"Labarin ya fi sunan gaskiya, Baba."

Ya jinjina kai, bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Sai Gwaggo ta yi magana, ba ta dubi kowa ba sai ni.

"Ni tambaya ɗaya gare ni. Kada ki ce mani alamu, kada ki ce mani galibi. In na wanke jinjiri da hannun nan, zai ɗauka?"

"A'a."

Ban taɓa faɗin kalmar da ta fita daga bakina da sauƙi haka ba, domin a wannan ba ni da shakka. Na bar ta ta zauna kaɗan, sannan na ce akwai magana ta biyu, kuma ina so a riƙe ta dabam da ta farko. Na ce ciwon yakan bi jini a wasu dangi. Yana yiwuwa wata rana ya fito wa wani a zuri'armu, ni ko wana ko 'ya'yanmu, yana yiwuwa kuma kada ya sake fito wa kowa, wannan ma shi ya fi yawa. In ya fito, daga kakanni ya zo, ta hanyar da tsawo da hasken fata suke zuwa. Wanda Gwaggo ta wanke da wanda ba ta taɓa gani ba, duk ɗaya ne a wannan.

Wana yana wasa da zangarniyar masara. Baba ya ce Allah Shi kyauta, ya tashi ya tafi masallaci, wana ya bi shi. Ban san ko na gyara ko na ɓata ba. Sai labule ya motsa, matar wana ta fito tana dafe da ƙugu.

"Malamar asibiti, in na gane karatun naki, abin a jinin gidanku yake?"

"Yana iya zama."

"To ai ya riga ya shiga, ga shi nan yana shurina. Mi ya rage a tsare? Ku da kuka san da kayanku, da kun faɗa tun ranar da kuka zo Tafoki neman aure, da na duba wani gidan."

"Wa zai kwashe ki in ba mu ba?"

"Gwaggo, kin ji ta ko? A fito da sabulun nan, ni ban iya wankan kowa ba sai naki."

Gwaggo ta yi murmushi. Amma a daren ta ci tuwonta a sabon kwanonta, ita kaɗai. Haka washegari.

Maganar ta fita gari yadda irinta ke fita. Wasu suka karɓa. Wata maƙwabciyarmu da ta haihu a makon ba ta aiko a kira Gwaggo ba, kuma har yau ba ta ƙara aikowa ba. Na ji an ce wai na kai ta asibiti an ba ciwon sunan Turawa don a rufe asiri. Wannan ya yi mini zafi fiye da yadda na zata, amma ban san wanda zan je in yi wa gyara ba.

Matar wana ta sauka da rana tsaka a ƙaramin asibitin da ke kusa da mu, namiji, aka dawo da su gida kafin magariba. Na roƙa a bar wanka sai gobe, a goge shi kawai a naɗe shi a jikin uwarsa, kamar yadda aka koya mana. An yi ta gunaguni, amma aka bar ni. Aka aika Tafoki, aka ce mahaifiyarta tana hanya, sai dai ba za ta iso ba sai an samu mota.

Da safe na dafa ruwa na sirka a baho, na kai ɗakin mai jego. Na miƙa hannu in karɓi yaron, ta janye shi.

"Ke karatu kika yi, ba wanka ba. Kira mani Gwaggo."

Na je na kira ta. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta yi barka, ta yi addu'a, ba ta shigo ba. Ta ce ai mutanen Tafoki suna tafe, ba daɗi a riga su. Matar wana ta ce in sun zo su tarar da shi fes, su yi na yamma in suna so. Ta warware zanen da aka naɗe shi, iska ta taɓa shi, ya tsandara kuka. Ta riƙe shi a haka a tafin hannuwanta, ba ta rufe shi ba, ba ta kuma ba ni shi ba. Na ce sanyi zai kama shi. Ta ce ta sani.

Gwaggo ta dube ni. "Uwata?"

"Ɗauke shi, Gwaggo."

Ta cire takalmi ta shigo. Ta zauna a kan kujerar tsuguno, ta miƙe ƙafafu, ta karɓe shi ta kwantar a kan ƙaurinta, tafin hannunta ɗaya ƙarƙashin ƙeyarsa. Ta yi bisimilla ta tsoma gwiwar hannu a bahon, sai ta ɗago ta harare ni.

"Wannan ruwan wa kika sirka ma, ɗan agwagwa? Tashi ki ƙaro mai zafi. Ki biya ɗakina, bayan ƙofa cikin tsohon tulu, akwai sabulu da mai. Yi sauri, shina kuka."